Sawun Baro a Bayan Makaranta

Ranar Juma'a aka wayi gari babu Dyado Stamen, wato Kaka Stamen, a gadonsa.

Tsoho ne mai shekara tamanin da huɗu, ba ya iya taku biyar sai da ƙarfen dogarawa, ga shi kuma an tsinci ƙarfen a yashe a bakin ƙofar baya. An yanke sarƙar ƙofar da zarto. Silifa ƙafa ɗaya tana cikin taɓo, a jikin ƙyauren kuma akwai ɗan jini. Kafin ƙarfe takwas, duk mai iya tafiya a ƙauyen Drenak ya hallara a bayan Makaranta. Haka suke kiran gidan kula da tsofaffin har yau, ko da yake shekara goma sha biyar ke nan da aka kwashe bencina aka jera gadaje, tun da yara suka ƙare a garin.

Trifon ne ya zo a ƙarshe. Sai da ya roƙi maƙwabciya ta zauna masa da matarsa Donka, wadda shekara uku ke nan hankalinta yana zarewa kaɗan-kaɗan, ba a barin ta ita kaɗai da murhu. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gadin gandun daji kafin ya yi ritaya, kuma har yanzu in saniya ta ɓace ko aladen daji sun shiga gona, ƙofarsa ake bugawa. Da ya hango taron sai ya dafe kai.

"Kun kyauta," ya ce. "Mutum arba'in a kan sawu ɗaya. Ko giwa ce ta bi ta nan ai kun shafe ta."

"Wane sawu kake nema, Bai Trifon?" in ji wata tsohuwa. A nan Bai ake ce wa dattijo, tsohuwa kuwa Baba. "Kowa ya san Minko ne, ɗan ƙanin tsohon. Ga tayar motarsa nan."

"Minko ina? Mai gidan ce. Wata uku ba a biya mata kuɗin tsohon ba, ka duba rijiya."

"Ku dai ku tambayi yarinyar nan da ta kwana aiki. Baƙuwa ce, wa ya san asalinta?"

Sajan ɗin da aka turo daga birni yana tsaye da littafi a hannu, takalminsa mai sheƙi ya nutse har idon sawu. Ya ce kare mai sunsuno yana wani aikin, sai gobe. Trifon ya dubi sama, ya ga hadari yana haɗuwa a kan duwatsu. Tsohon da ke sanye da rigar barci a ƙarshen Oktoba ba shi da gobe.

Ya tsuguna a gaban sarƙar. Rabin yankan yana ƙyalli, sabo fil. Ɗaya rabin kuwa ya yi tsatsa.

"Ba a dare ɗaya aka yanke wannan ba," ya ce. "An yi kwanaki ana cin ta."

Sajan ya rubuta, ya ja layi a ƙasa. "Ke nan ɗan gida ne."

Lungun bayan bai fi taku sittin ba ya haɗu da kwalta. Trifon ya ga tayar mota, ya ga sawun baro nan da can a tsakanin ƙafafun jama'a, amma kowa ya san da baro Minko yake shigo da itacen girki. Bai tsaya a kansa ba.

Ofishin Gospoja Rumyana, wato Madam Rumyana mai gidan, shi ne tsohon ofishin hedimasta. Trifon ya san kujerar da ke gaban teburin sarai, don wata goma sha ɗaya ke nan yana zuwa yana zama a kanta. Kafin nan gidaje huɗu ya zaga saboda Donka. Na birni yana da lambu da likita, amma kuɗinsa ya ninka fanshonsu su biyu sau uku. Wani mai araha tun daga ƙofa zarni ya koro shi. Na gwamnati sun rubuta sunanta, ita ce ta ɗari da shida a layi. Makaranta ce kaɗai zai iya zuwa da ƙafa, kuma in ya sayar da gonar goro zai iya biya. A makon jiya Rumyana ta ce masa gadon mata ɗaya ya samu, ya kawo Donka farkon wata.

"Ka ji abin da suke faɗa ko?" ta ce, idanunta jajur. "Wai na jefa shi a rijiya. Ni da nake sayo masa kunzugu da kuɗin aljihuna tun Agusta."

"Me ya tsayar da biyan?"

"'Yarsa Petrana. Tana Italiya tana jinyar wata tsohuwa, da wannan take cika abin da fanshonsa bai kai ba. Tsohuwar ta mutu, aiki ya ƙare. Ta bar nata uban tana wanke uwar wani, yanzu ga shi babu wannan babu wancan."

"To me kika yanke?"

Ta juya biro a hannunta. "Gurbi ya samu a gidan gwamnati, can bakin kogi. Sa'a ce, mutane shekara biyu suke jira. Ranar Litinin mota za ta zo ta ɗauke shi."

"Can bakin kogi? Ai tafiyar awa huɗu ce, kuma babu bas daga nan."

"Ni na gina hanyar? Bai Trifon, mutum ashirin da biyu nake ciyarwa. Ma'aikatana biyu sun tafi Jamus a bana. In ban biya kuɗin wuta ba, dukansu sanyi zai kashe. Ka gaya mini yadda zan yi, zan yi."

Trifon ya tambaye ta su wa suka san da maganar Litinin.

"Petrana, na faɗa mata a waya. Matarsa, Baba Ruska. Sai Nermin, mai aikin dare."

Ya sami Nermin a ɗakin wanki tana ninke zannuwan gado. Mace ce 'yar kimanin arba'in, daga wani ƙauye a bayan dutse, tana kwana huɗu a nan ta koma gida kwana uku.

"Wallahi, Bai Trifon, ƙarfe huɗu da rabi na leƙa shi, idonsa biyu. Har ya ce mini, 'Yarinya, je ki yi aikinki, ina nan.' Na hau sama. Mutum tara nake canza wa kunzugu a sama, ni kaɗai, biyu daga ciki sai na juya su kamar buhu. Na sauko shida da kwata, gado wayam."

"Ba ki ji motsi ba? Mota?"

"In Baba Gina ta fara ihu a sama, ko bom aka tayar ba za ka ji ba."

"Wa ke zuwa wajen ƙofar baya?"

"Kowa. Can ake shanya, can bencin masu ziyara yake. Ni ma can nake shan taba." Ta ɗago. "Na ga yadda sajan yake kallona. In suka tafi da ni, ko sun sake ni gobe, wa zai sake ba ni aiki? 'Ya'ya biyu gare ni a makaranta."

"Me ya ɓata a ɗakinsa?"

Ta yi tunani. "Bargo. Da ƙwayoyinsa na zuciya. Da gwangwanin da yake jiƙa haƙoransa."

Trifon ya daɗe yana juya wannan. Mai niyyar kisa ba ya tuna gwangwanin haƙora. Amma mai son kai tsoho gaban lauya, kamar yadda ake cewa Minko na so, yana so ya yi magana a ji, zai tuna.

A kan bencin da ke gefen igiyar shanya ya tarar da Baba Ruska. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai shekara tamanin da ɗaya, bayanta ya ranƙwafa, baƙin ɗankwali ɗaure a haɓa. Shekara sittin ba ɗaya suna tare da Stamen. Da kuɗi bai ishi mutum biyu ba, shi aka kawo, ita ta zauna a gida da kaji. Kullum da hantsi tana zuwa da kindirmo a kwalba, ta zauna da shi a wannan bencin har azahar. 'Yan sanda sun riga sun leƙa gidanta, har ƙarƙashin gado, don cika aiki kawai.

"Za mu same shi, Baba Ruska," ya ce.

"Allah ya sa, ɗana." Hannuwanta suna cikin aljihun rigar sanyi. "Ya Donka?"

"Jiya ta tambaye ni ko na ga mijinta."

"Ka ce mata me?"

"Na ce yana hanya."

Ta gyaɗa kai. Can ta miƙe da ƙyar, ta ce bari ta je ta ba kaji hatsi. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, tausayi ya cika shi.

Minko ɗan ƙanin Stamen ne, ƙato mai sayar da itace, gidansa na ƙarshen gari. Kowa ya san yana neman sa hannun tsohon don a sayar da filin da suka gada tare, har ya taɓa faɗa a mashaya cewa ko a kafaɗa ne sai ya kai shi gaban lauya.

"Na faɗa," in ji Minko, yana loda itace a baro. "Na sha kofi uku na barasar rakiya, me ba na faɗa? Na taɓa cewa zan auri matar limamin coci, ka ga na aure ta?"

"Tayar motarka tana lungun."

"Jiya da la'asar na kai itace. Tambayi mai girki, har miyar wake ta zuba mini."

"Yau da asuba fa?"

"Yau da asuba motar tana inda kake ganin ta." Ya nuna da haɓa. A-kori-kurar tana kan duwatsu, ƙafar baya ɗaya a cire. "Tun jiya da magariba ƙarfen ƙafar ya karye. Ka taɓa injin in kana so, ya fi hancin kare sanyi."

Trifon ya taɓa. Ya duba ƙasan motar, ya ga ƙasa a bushe, alhali ruwa ya sauka da tsakar dare. Motar ba ta motsa ba.

"Kuma bari in gaya maka, Bai Trifon," Minko ya ci gaba, "filin nan in an sayar, rabin kawu ba zai biya masa wata huɗu a Makaranta ba. Don shi nake so a sayar, ba don ni ba. Amma ni ne mugu, saboda ni ne mai ƙaton wuya."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga baron da ke cike taf, ya tura shi a guje daga wannan kusurwar tsakar gida zuwa waccan, ya juye, ya dawo yana fito. Trifon ya tsaya yana kallon layin da tayar ta bari a ƙasa. Layi ɗaya miƙaƙƙe, babu tsayawa ko ɗaya.

Bai yi sallama ba ya juya.

Ya koma lungun bayan Makaranta, yayyafi ya fara. Wannan karon bai dubi tsakiya inda aka tattake ba, ya bi gindin katanga inda ƙaya ta hana jama'a takawa. Sawun baron Minko yana nan, mai faɗi, miƙe. Amma akwai wani a gefensa, siriri, na tsohuwar tayar ƙarfe, yana karkacewa kamar tafiyar maye. Ya bi shi a tsugune. Taku bakwai, sai ga ramuka biyu inda ƙafafun baron suka sauka. Taku bakwai, ramuka biyu. Taku shida, ramuka biyu. A wuri ɗaya, kusa da ramukan, ga sawun takalmin roba ƙanana guda biyu a jere, ga kuma shatin tafin hannu a jikin gansakukar katanga, daidai ƙugunsa.

Wanda ya tura wannan baron sau tara ya huta a cikin taku sittin.

Trifon ya zauna a kan dutse, ruwa yana sauka a wuyansa. Da ma Minko ne, ya ce a ransa. Da ma wani ƙato ne daga birni.

A kan kwalta sawun ya ɓace, amma yanzu ya san ƙarfin mai turawar, ya san ba za a hau tudu ba. Hanya ɗaya ce ke gangarawa, wadda ta nufi tsoffin gonakin inabi. A bakinta ya sake tsintar siririn layin, da ramukansa biyu-biyu, tazarar tana raguwa, biyar, huɗu, huɗu. A wani wuri baron ya kife, an ga inda gwiwoyi suka dafa ƙasa. Ya ɗaga kai, ya hango hayaƙi siriri yana fita daga bukkar gonar Stamen, wadda aka daina nomawa shekara goma.

Tsohon yana kwance a ƙasa a kan fatun tumaki, an lulluɓe shi da bargo da tsohon kwat. Ga gadon katako a gefensa, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, amma ba a iya ɗora shi ba. Wutar murhu ta kusa mutuwa. Ɗakin yana warin fitsari. A kan taga ga gwangwanin haƙora, ga kwalbar kindirmo da cokali a ciki.

"Trifon ne?" in ji Dyado Stamen, muryarsa kamar ta sauro. "Na ce mata kai za su kira. Ta ce ai ka tsufa."

Trifon ya ƙara itace a wuta, ya taɓa goshinsa. Da zafi. A gwiwar hannunsa ga inda ƙyaure ya yage shi, an ɗaure da tsumma.

"Ka ce ba ka gan ni ba. Kwana nawa ya rage mini? Bari in yi su a inda za ta iya zuwa."

"Dyado, zazzaɓi kake yi."

"To sai me? A can bakin kogi ba a zazzaɓi?"

Trifon ya gwada ɗaga shi zuwa gadon. Bayansa ya amsa, ya sauke shi a hankali. Shi ma shekararsa sittin da tara. Ya gyara masa bargo, ya fita, bai yi alkawarin komai ba.

Duk hanyar dawowa yana neman yadda zai yi shiru bai samu ba. Da ya iso Makaranta, motar 'yan sanda tana bakin ƙofa, an buɗe ƙofarta ta baya. Sajan ya tara mutane a ɗakin cin abinci, tsohon aji na uku, inda allo ke manne a bango har yanzu an rubuta abincin mako a kai. Rumyana tana tsaye a bakin taga. Minko ya zo da man inji a hannu. Baba Ruska tana kan kujera a kusurwa. An jingina waya a jikin kwalbar gishiri, fuskar Petrana a ciki ta kumbura da kuka. Nermin kuwa tana sanye da kwat, jakarta a cinya.

"Za ta bi mu ofis ta amsa tambayoyi," in ji sajan. "Kai da kanka ka ce ɗan gida ne."

"Ban ce ba. Kai ka ce." Trifon ya cire hula ya matse ruwan. "Nermin tana ɗaga mutum tara kowace asuba. Da ita ce, da ta saɓa shi a kafaɗa, kuma ta san inda makulli yake, me za ta yi da zarto? Motar Minko ba ta da ƙafa tun jiya. Gospoja Rumyana kuwa, wa zai saci abin da za a zo a ɗauke masa kyauta ranar Litinin?"

"To wa ke nan?"

"A baro aka fitar da shi. Wanda ya tura, taku bakwai yake yi ya huta."

Bai dubi kusurwa ba. Ya tsaya yana kallon allo, inda aka rubuta Juma'a, miyar wake da burodi.

"Shida," in ji Baba Ruska. "Bakwai ɗin da farko ne."

Ta zaro hannuwanta daga aljihu ta ɗora a kan tebur. Tafukan sun kumbura, sun fashe, an naɗe yatsu biyu da tsumma.

"Kwana tara ina yankan sarƙar nan. Shi yana zaune a benci yana tari da ƙarfi don kada a ji. Ku saki yarinyar mutane."

"Mama!" Petrana ta ƙwalla daga cikin waya. "Mama, kin haukace? Kashe shi za ki yi?"

"Ke yi mini shiru. Kina can." Ba ta ɗaga murya ba. "An ce sa'a ce. Awa huɗu a mota, ni da ko kuɗin motar ban da shi. Wa zai gaya musu ba ya cin abinci sai an jiƙa masa burodi? Na ce in mutuwa ce, mu yi ta a gonarmu." Ta juya ga Trifon. "Yana da rai?"

"Yana da rai. Yana zazzaɓi."

"Na kasa ɗora shi a gado," ta ce, sai a nan muryarta ta karye. "Tun safe nake gwadawa. Na kasa."

Minko bai jira an ce masa ba, ya fita a guje, Nermin ta ajiye jaka ta ɗauki barguna ta bi shi. Sajan ya buɗe littafinsa, ya dubi tsohuwar, ya dubi hannuwanta, ya rufe.

"Ni ban san me zan rubuta ba," ya ce.

"Rubuta sata," in ji Baba Ruska. "In kun kulle ni, ku kulle ni a can bakin kogi."

Babu wanda ya yi dariya. Ta juya ga Rumyana.

"Gidana fa? Ɗaki uku, da rijiya, da lambu. Ki karɓa ki bar shi."

"Baba Ruska, gidaje nawa ne a kulle a garin nan? Wa ke saye?" Rumyana ta murza goshi. "Akwai wani ɗan birni da ke neman wurin hutu. In ya saya, aka haɗa da fanshonku ku biyu, zai kai ku shekara biyu, wataƙila da rabi. Amma in kin sayar, ina za ki kwana? Dole ke ma ki shigo. Gadon mata kuwa ɗaya ne ya rage."

Ba ta ƙarasa ba. Ba ta dubi Trifon ba, kuma rashin duban ya fi duban nauyi.

Ya ji ɗakin ya yi masa ƙanƙanta. Wata goma sha ɗaya. Ya tuna labulen kicin da Donka ta cinna wa wuta a bazara, ya tuna ranar da ya bi sawunta har bakin rafi ya same ta tsaye cikin ruwa da rigar barci. Ya riga ya karɓi kafin alƙalami a kan gonar goro. Ya so ya ce shi ma mutum ne, shi ma bayansa ya ƙare. Da ya yi shiru a gonar inabi, da Litinin ta zo ta wuce, da gadon yana nan nasa.

"Ba na roƙon ka, ɗana," in ji Baba Ruska. "Na san abin da ke gidanka."

Da ta roƙe shi, wataƙila da ya iya ƙi.

"Ku ba ta," ya ce. Ya mayar da jiƙaƙƙiyar hularsa ya fita, don maƙwabciyar ta ce ƙarfe huɗu za ta tafi.

Aka dawo da Dyado Stamen a bayan Minko. Ya yi mako biyu yana jinya, ya tashi. Aka sayar da gidan kafin Kirsimeti, Minko ya kwashe kajin. Sajan ya rubuta cewa tsoho ya fita yawo ya ɓata hanya, kuma ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi.

Hunturun ya yi wa Trifon tsawo. Ya sa sakata a saman ƙofa inda hannun Donka ba ya kai, ya cire maɓallan murhun gas yana yawo da su a aljihu. Duk ranar Laraba yakan leƙa Makaranta ya gaishe su, ya tarar da su biyun a bakin taga tana jiƙa masa burodi a madara. In zai fita sai ya bi ta gaban ɗakunan mata. Wata rana ya kama kansa yana sauraron tarinsu, yana auna wanne ya fi zurfi. Kunya ta kama shi har ya daina zuwa.

Ranar sha tara ga Fabrairu, da hantsi, yana yanke wa Donka farce, waya ta yi ƙara.

"Bai Trifon, Rumyana ce. Gado ya samu."

Ya riƙe wayar da hannu biyu. "Na wa?"

"Baba Ruska. Da asuba, a cikin barci. Ba mu gaya wa Dyado Stamen ba tukuna, yana ta tambaya me ya hana ta saukowa." Ta ja numfashi. "Akwai mutum shida a bayanka. In ba ka shirya ba, ka faɗa mini yau."

Ya dubi Donka. Tana zaune a bakin gado, ta miƙo masa ɗaya hannun, tana jira.

"Wace rana zan kawo ta?" ya ce.